Numfashin da Rabi Ta Yanke

Cikin duk ranakun da na yi a ɗakin tace finafinai na sashenmu, akwai wata Litinin ta tsakiyar damina da ta ƙi barin raina, ranar da Rabi ta dawo ta zauna gaban kwamfuta bayan rasuwar Agbo. Ku da kuka zo aiki daga baya kun sha jin ana ambaton sunanta a ofis, sai kuma a yi shiru. To bari in ba ku labarin daga farko, ku huta da tambaya.

Ni dai ba lakcara ba ne. Muƙamina babban jami'in fasaha, wato ni ke riƙe da makullin ɗakin, ni ke ba da kyamara in karɓa, ni ke nuna wa ɗalibi inda zai danna da inda zai kiyaye. Lakcara ya koyar a aji ya kama gabansa, ni ake bar wa yaran da zufarsu da rigimarsu. A zango na biyu na shekarar ƙarshe ana raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni mutum biyar, a ce su shirya buɗewar fim mai tayar da hankali, irin wanda ake farawa da wani mugun abu ya faru, mai kallo ya kasa tashi sai ya ga wanda ya aikata. Minti biyu kacal ake nema, a gabansa kuma a sa tambarin kamfanin da suka ƙirƙira wa kansu. Dokokin biyu ne. Ma'aikaci ba ya taɓa aikin ɗalibi da hannunsa, sai dai da baki. Maki kuma na rukuni ne: in ba a kawo aiki ranar da mai jarrabawa daga wata makaranta ya zo ba, duka biyar ɗin sai baɗi.

Na ga gawa a ɗakin nan fiye da mai wankan gawa, sai dai duk ta ƙarya ce. Yaranmu in an ce su tsorata mutum, abin da suka sani shi ne tumatirin gwangwani da wuƙar kicin da ihu. Shekara da shekaru ina kallon irin wannan har na saba, na daina sa rai. Sai ga Rabi.

'Yar cikin garin Lafia ce, babanta na da shagon atamfa a kasuwa. Ba ta da surutu, in ka tambaye ta abu sai ta yi kamar ba ta ji ba, can ta ba ka amsa a taƙaice. Amma in ta riƙe maus ɗin kwamfuta, ta san inda hoto ya gaji kafin mai kallo ya gaji. Wannan ba a koyar da shi, na gwada na kasa. Tun tana aji biyu na ƙudura a raina cewa in ta gama zan haɗa ta da wani abokina mai situdiyo a Jos, don na ga wadda za ta yi nisa a sana'ar, in ma samu abin faɗa idan na yi ritaya. Ban taɓa ɓoye cewa ita ce 'yar gaban goshina ba, sauran ma sun sani.

A rukuninta akwai Danladi, ɗan ƙabilar Eggon mai riƙe kyamara, da wasu 'yan mata biyu, sai Ibrahim Agbo. Kowa Agbo yake kiransa. Ɗan Keana ne, dogo mai faɗin ƙirji, ga dariya kamar an biya shi. Shi aka ba aikin tambari. Sauran rukunai duk haruffa masu walƙiya suka ɗebo daga intanet, shi kuwa sai ya zo mini da ƙullin gishiri na mahaifiyarsa, wadda dafa gishiri ne sana'arta a can gida. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a tire, ya rubuta sunan kamfaninsu da gishirin, Farin Gishiri, Danladi ya kunna kyamara, shi kuma ya sunkuya ya hure rubutun ya watse. Da aka juya hoton baya a kwamfuta, sai ka ga gishiri na tasowa daga ko'ina yana haɗuwa ya zama suna.

Na ce masa, "Kai, miya aka sa ka ko fim?"

Ya ce, "Oga, fim ma in ba gishiri ai ba ya ciyuwa."

Abin ya yi kyau, ko da yake ban faɗa masa ba. Abin da na faɗa masa shi ne gyara: bakin tiren ya fito a gefe, kyamara ta ɗan girgiza, kuma babu sauti. Ya ce ba damuwa, in ya je gida zai taho da gishiri mai laushi su sake.

Labarin buɗewar tasu mai sauƙi ne. Wata mata ta dawo ɗakinta ta tarar an ɗauke wuta, ta kunna fitilar waya, sai ga mutum kwance a ƙasa an lulluɓe shi da farin zane har wuya. A nan rigima ta tashi, domin babu mai son kwanciyar. Danladi ya ce, "Ni dai no, Oga. Mamana in ya ga hoton nan zai kashe ni da gaske." Suka nemi 'yan wasu rukunai, kowa ya noƙe, wai ba ya kira wa kansa. Rabi ce ta bi Agbo da roƙo har ya yarda. Ya ce in dai kwanciya ce aikin, to sun samu gwani. Ita da hannunta ta gyara masa zanen.

Ashe gwanin ba gwani ba ne. Da suka kawo abin da suka ɗauka, gawar tana numfashi kamar wanda ya yi tsere, zane na hawa yana sauka, can kuma ta fashe da dariya. Rabi ta tambaye ni mafita, tunda an riga an ba wani rukuni kyamarar. Na nuna mata yadda ake yi. Za ki bi hoton a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ki nemo 'yan wuraren da ƙirjin ya tsaya, ki yanke duk inda ya motsa ki jefar, ki ja na tsayen ki haɗa, ki bar hasken fitilar yana yawo a kai don kada a gane. Aiki ne na haƙuri. Ta ce za ta fara bayan hutun ƙarshen mako.

Ranar Juma'a Agbo ya hau mashin zai je gida. Tifa ce ta same su a hanya, shi da ɗan acaɓan. Kafin faɗuwar rana an kai shi makwancinsa. Mu sai washegari muka ji.

Mun je gaisuwa Keana a motar sashe, da Dakta shugaban sashe da 'yan ajinsu. Mahaifinsa dattijo ne mai natsuwa. Bayan an yi addu'a, Dakta ya matsa kusa ya yi masa bayanin aikin da yaran ke ciki, ya ce in bai yarda ba za a ajiye. Dattijon ya ce, "Abin da ya fara da 'yan'uwansa, su gama. Kada ya tafi ya bar su da nauyi. Amma hoton kada ya shigo gidan nan."

A cikin gida ne abin ya ɓaci. Ashe tun ranar ɗauka wani cikin yaran ya ɗora hoton Agbo cikin farin zanen a waya don raha, hoton ya yi yawo har ya kai Keana. Da 'yan matan suka shiga gaida mahaifiyarsa, wata mata daga gefe ta nuna Rabi da baki ta ce wa ta kusa da ita, "Waccan ce ta lulluɓe shi." Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma Rabi ta ji. A hanyar dawowa kowa na sharar hawaye, ita kuwa ido a bushe, tana kallon gonakin doya ta taga har muka iso.

Daga nan ba mu sake ganinta ba. Wayarta a kashe. A makaranta kuwa baki ya buɗe, masu cewa ai dama ba a wasa da irin wannan, masu cewa an kira mutuwa kuma ta amsa. Na tsawata wa wasu a bakin ɗakina har muryata ta dushe. Mutum da iliminsa, ya san ajali ba ya jiran zane, amma in an zo wajen surutu sai a ajiye ilimin a gefe.

Danladi ya gwada gyaran da kansa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: yaron ya iya kyamara, amma yankansa tsalle yake kamar kwaɗo, gawa ta motsa nan ta ɓace can. Ga ranar mai jarrabawa tana matsowa. Na hau ofishin Dakta na ce, "Yallaɓai, a duba yaran nan. A ba su maki a kan abin da suka riga suka yi."

Ya ce, "Malam Bukar, na kai maganar sama, an ce sai an ga aiki. Abin da zan iya shi ne in sa su a ƙarshen layi. In ba su kawo ba, sai baɗi."

Ban ga laifinsa ba, shi ma ɗaure yake. Amma na san baɗi ba kowa zai dawo ba. Ɗaya daga 'yan matan an sa ranar bikinta, Danladi kuma gona ke jiransa a gida. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: in Rabi ta faɗi, da su za ta faɗi. Na aika mata saƙo ta wajen babanta a kasuwa, ban ƙara komai a kai ba, na ce ƙofa a buɗe take.

Ranar Litinin ɗin da na faɗa muku, ana yayyafi, na zo buɗe ɗaki na tarar da ita tsaye a baranda, ta rame, hijabinta ya jiƙe. Muka gaisa. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta wuce kai tsaye ta zauna a kwamfutar da ta saba, ta buɗe aikin.

Abin da na manta, ita ma ina jin ta manta, shi ne ɗanyen hoto da sautinsa yake zuwa. Tana dannawa sai ga muryarta ta cika ɗakin, tana cewa daga bayan kyamara, "Don Allah Agbo, ka daina numfashi mana." Sai zanen ya hau rawa, dariyarsa ta biyo baya.

Na miƙa hannu zan rage sautin, ta ce, "Bar shi, Malam."

Na tsaya a bayanta. Shekaruna a aikin nan ban taɓa karya dokar taɓa aikin ɗalibi ba, har ana mini tsiya da ita, amma ranar na ce mata, "Rabi, tashi ki je gida. Wannan wurin ni zan yi. Ba wanda zai sani, in ma an sani ni zan amsa."

Ta girgiza kai ba ta juyo ba. Ta ce, "Ni na kwantar da shi. Ni zan gama."

Haka ta yi kwanaki tana zuwa da safe, ta tashi da la'asar. Ina daga teburina ina jin ƙarar maus, ɗaya bayan ɗaya. Ta matsa hoto gaba, ƙirji ya ɗaga, ta yanke. Ta matsa, ya sauka, ta yanke. In ya tsaya ta ajiye wurin a gefe. Ba ta ga gawarsa ta gaskiya ba, an binne shi kafin labari ya iso mu, don haka wadda take haɗawa a allon nan ita ce kaɗai za ta taɓa gani. Wannan tunanin ya hana ni sukuni. Sau da yawa nakan fita baranda in tsaya ba don komai ba, sai don kada in ji ƙarar. Na kawo mata shayi ya huce a wurin. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, kuma na fi son a ce ta yi.

Da ta gama ta kira 'yan rukunin muka kalla tare. Matar ta shigo, hasken waya ya bi bango ya sauka ƙasa, ya hau kan zane. Agbo na kwance. Babu abin da ke motsi a jikinsa, haske ne kawai ke yawo a fuskarsa. Na zuba ido ina neman inda aka haɗa, ni da na koya mata dabarar, ban gani ba. Danladi ya miƙe ya fita. 'Yan matan suka rufe fuska.

Sai na ce mata saura tambari, a yanke bakin tiren, a daidaita girgizar, a sa sauti. Aikin rabin yini ne a wajenta. Ta ce a'a, yadda ya bar shi haka zai tafi. Na ce za a rage musu maki. Ta ce ta sani. Sauran ma suka ce a bar shi, sai na ƙyale su.

Mai jarrabawar da ya zo wani farfesa ne dattijo, mai raha, ya san aikinsa. Tsarin shi ne a nuna fim, sannan kowane ɗan rukuni ya miƙe ya faɗi abin da ya yi, a yi masa tambaya. Ya kamata a ce an sanar da shi abin da ya faru tun kafin a shiga zaure. Kowa ya ɗauka wani ya faɗa masa, ashe ba wanda ya faɗa. Rukunin Rabi ne na ƙarshe, mutumin ya gaji da tumatirin gwangwani, sai ga wannan. Da fim ya ƙare ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Wa ya yi editin?"

Rabi ta miƙe.

Ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Na daɗe ina yawon makarantu, ban taɓa ganin gawa mai kama da gawa irin wannan a fim ɗin ɗalibai ba. Har na fara tsoron ko da gaske kuka kashe yaron." Ya yi dariya yana duban mutane. Ba wanda ya taya shi.

Bai lura ba, ya ci gaba. "Sai dai tambarinku. Dabarar ta burge ni, amma an yi ganganci. Ga bakin tire, ga girgiza, ba sauti. Wanda ya yi bai gama aikinsa ba. Ina yake? Ya miƙe ya gaya mini abin da ya hana shi."

Dakta ya yunƙura zai yi magana, Danladi ya riga shi. Ya ce, "Sa, shi ne wanda ya kwanta ɗin. Ya mutu, sa. Mota ya buge shi."

Farfesan ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. Ya yi salati a hankali, ya dubi Rabi da ke tsaye har lokacin. Can ya ce, "Bayan rasuwar kika yi wannan aikin?" Ta ce eh. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ba komai, ta zauna. Ban taɓa jin tausayin babban mutum kamar yadda na ji nasa ranar ba, don ba mugunta ya yi ba, yabo ya yi da zuciya ɗaya.

Su suka fi kowa maki a shekarar. Duka huɗun suka fita lafiya. Farfesan ma kafin ya tafi ya ja ni gefe ya ce kada a bar yarinyar nan ta lalace a gida, in ana neman takardar shaida daga wajensa zai bayar. Na ji daɗi, na ce to ko ba komai an tsira da wannan.

Ranar da ta zo sa hannun sallama na tare ta da maganar Jos. Na riga na kira abokina, ya ce ta zo ko gobe. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na gode, Malam. Amma na gama da wannan aikin."

Na ce, "Ki huta tukuna. Wata shida, shekara, wurin na nan."

Ta ce, "Ba gajiya ba ce. Kun ce ya yi kyau, na san ya yi kyau. Shi ne abin da ba na so."

Na yi mata nasiha, na kawo maganar ƙaddara, na ce kada ta bar surutun mata ya raba ta da baiwar da Allah ya ba ta. Har faɗa na yi, don raina ya ɓaci ƙwarai, ina ganin abin da na daɗe ina reno zai zube a gabana. Ta bar ni na yi na gama, ta ɗan rusuna ta yi mini sallama ta tafi.

Yanzu tana koyarwa a wata firamare a Arikya. Bara na haɗu da ita a kasuwa, ta yi aure, da goyo a bayanta. Muka gaisa da fara'a. Bakina bai iya shiru ba, na ce ko bidiyon biki ba ta ɗan taɓawa? Ta yi murmushi ta ce ko hoto ta ɗauka a waya, yadda ya zo haka take barinsa, ba ta iya yanke gefensa. Ban sake tayar da maganar ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mun saba gaya wa yara cewa edita nagari ba ya tausayin abin da yake yankewa, abin da ke allo hoto ne kawai. Maganar gaskiya ce, da ita ake samun aiki mai kyau, Rabi ma ta tabbatar da ita fiye da kowa. Amma wanda ke riƙe da maus mutum ne, kuma mu a sana'ar nan allo muke kallo, ba mu cika juyawa mu dubi wanda ke zaune gabansa ba. Mun samu fim mafi kyau da sashen ya taɓa fitarwa, abokanta sun tsira, ita kuma ba ta sake dawowa ba. Don haka in kun ga ɗalibi ya yi shiru gaban kwamfuta, hannunsa ya tsaya, kada ku fara da tuna masa ranar jarrabawa. Ku jawo kujera ku zauna, ku tambaye shi wa ke cikin hoton.